Alƙali Na Masu Jira Ne

Duk sa'ad da hukumar tallafin tsofaffi da naƙasassu ta Amurka ta ɗauki sababbin alƙalai, sai kirdado ya tashi: wa zai sami babban birni, wa za a jefa wuri mai nisa? Masu kirdadon kan duba ofisoshin da aka yi murabus, da gurabun da tsofaffin hannu suka bari, da garuruwan da kowane mai nema ya amince da su.

Haƙiƙa mu muna ganin an karkatar da tambayar. Waɗannan alƙalai, waɗanda dokar 1946 ta aza tushen matsayinsu, su ke sauraron ƙarar naƙasasshen da aka hana wa tallafi. A 2017 mutum fiye da miliyan 1 ne ke jira, matsakaicin jiran kuwa kimanin kwana 600. Dubbai sun mutu ba a yanke musu hukunci ba.

To, ashe amsar a fili take. Ofishin da ƙararraki suka fi taruwa shi ya cancanci sabon alƙali, ko da babu mai sha'awar garin. Alƙalanci amana ce. Lalle ne wanda ya ɗauke ta ya tafi inda masu haƙƙi ke jira. Allah Ya sa a gane.