A sayar da golan, amma a zauna a kan takarda

Shrewsbury Town ba suna ba ne da ake ji a gidan kallo. Kulob ne na wani gari a yammacin Ingila, dab da iyakar Wales, kuma a shekarar 2006 yana rukuni na huɗu, hawa uku ƙasa da Firimiya. Filinsu na wancan lokaci, Gay Meadow, a bakin kogin Severn yake, har akwai wani dattijo da ya yi shekara da shekaru yana shiga ɗan kwalekwale ya tsamo ƙwallo duk sanda aka ɗaɗa ta ta faɗa ruwa. A wannan fili ne wani yaro haifaffen garin, Joe Hart, ya tsare raga a dukkan wasanni 46 na kakar 2005/2006, alhali da shekara 18 ya fara kakar. 'Yan wasan rukunin da kansu suka zaɓe shi a matsayin golan da ya fi kowa a shekarar. Kaka na ƙarewa Manchester City ta taya, shugabannin Shrewsbury suka sallama. Jaridu suka ruwaito fam dubu 600 a farko, wanda zai iya kaiwa miliyan ɗaya da rabi idan wasu sharuɗɗa suka cika.

Ni a ganina sun yi daidai, kuma duk ƙaramin kulob da ya tsinci kansa a irin wannan hali ya kamata ya sayar. Sai dai inda nake rabuwa da masu cewa a sayar shi ne a kan abin da ake kira farashi.

Bari in fara ba magoya baya haƙƙinsu, don ba hauka suke yi ba idan suka tayar da jijiyar wuya. Tsaron gida aiki ne na mutum ɗaya. Ɗan wasan gaba zai ɓarar da dama goma ya ci ɗaya a ɗauke shi a kafaɗa. Gola zai tare goma ya saki ɗaya, a bi shi da zagi har ƙofar gidansu. Samun yaro mai sanyin zuciyar da zai jure wannan tun bai kai ashirin ba, kuma ɗan gari, wanda ka san makarantar da ya yi, abu ne da kulob kan yi shekaru bai gani ba. Hujjarsu kullum ɗaya ce: a riƙe shi shekara guda kacal, ya haura da mu rukunin gaba, sannan a sayar da shi da tsada. Magana ce mai daɗin ji.

To amma a duba abin da ya faru. Da Hart a raga, Shrewsbury ta ƙare a mataki na 10. Shekarar da ta biyo baya, babu shi, ta ƙare ta 7, ta kai wasan ƙarshe na neman gurbin hawa a sabon filin Wembley, inda Bristol Rovers ta doke ta da ci 3 da 1. Ba ina cewa tafiyarsa ce ta gyara su ba. Abin da nake cewa shi ne gola, komai ƙwarewarsa, yana hana ka shan kashi ne, ba ya ci maka wasa. Kulob ɗin bai samu hawa ba sai a 2012, shekarar da Hart ya ɗaga kofin Firimiya na farko da City. Da an ce sai an hau za a sake shi, shekara nawa zai zauna yana jira?

Kuma ba zai zauna ba. Tun bayan hukuncin Bosman na 1995, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba a biyan kuɗin sayensa, iyaka ɗan diyyar horarwa idan yana da ƙuruciya. Kowane wata da ya wuce, abin da kulob ke riƙe da shi raguwa yake yi. Ga kuma rauni: faɗuwa ɗaya a kan kafaɗa, ko yatsa ya karye, masu tayi sun watse. Ƙaramin kulob ba shi da ƙarfin yin irin wannan caca. A watan Satumba na 2020 kotu ta rufe Macclesfield Town, wadda ta yi shekaru tana rukuni ɗaya da Shrewsbury, saboda bashin da ya ɗan haura fam dubu 500. A Firimiya wannan albashin mako biyu ne na wasu 'yan wasa. A rukuni na huɗu kuwa shi ne tsakanin a buɗe ƙofar fili ran Asabar da a garƙame ta har abada.

A riƙe wannan adadi na dubu 500, don shi ne zuciyar maganar. Cikin sharuɗɗan cinikin Hart akwai wanda ya ce idan yaron ya buga wa Ingila wasa, City za ta ƙara wa Shrewsbury wannan kuɗi. Ranar 1 ga Yuni 2008 aka sako shi bayan hutun rabin lokaci a wasan da Ingila ta yi da Trinidad da Tobago. Mutanen Shrewsbury suka fara lissafi. Sai aka ce musu su sake karanta takarda: wasan gasa aka rubuta, wannan kuwa na sada zumunta ne. Haka suka yi ta jira har watan Satumba na 2010, lokacin da ya tsare raga a wasan neman gurbin gasar Turai da Bulgeriya a Wembley, Ingila ta ci 4 da nema. Kalma ɗaya a cikin takarda ta jinkirta musu kuɗi fiye da shekara biyu. Amma takardar nan dai ita ce ta biya su, shekara huɗu bayan yaron ya kwashe kayansa, ba tare da sun ƙara kashe masa ko kuɗin safar hannu ba.

Mutanenmu kan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma da wannan karin magana ake rufe bakin duk wanda ya ce a dakata a tsara sharuɗɗa. A cinikin yaro mai tsaron gida, ban yarda ba. Babban kulob ba ya biyan kuɗin kirki a hannu don gola ɗan shekara 19, saboda ya san ba yau zai yi amfani da shi ba. Masu tsaron gida a makare suke nuna, da yawansu sai sun doshi talatin suke kaiwa ganiyarsu. Mai saye alƙawarin gaba yake saye, don haka farashin yau dole ya zama kaɗan. Hanya ɗaya da mai sayarwa zai ci moriyar wannan gaba ita ce ya sa an rubuta masa rabonsa.

Wane irin rabo kuma? Nan ne ake yawan yin kwafi ba tunani. Kowa ya san sharaɗin nan na kaso kaza cikin ɗari idan aka sake sayar da ɗan wasa, kuma yana da kyau. Amma ga gola ba shi ne na farko ba. Golan da ya yi nasara zama yake yi. Hart ya yi shekara 12 a matsayin ɗan City, ya ci Firimiya sau biyu, ya karɓi kyautar golan da ya fi kowa hana ƙwallo shiga sau huɗu, ya buga wa Ingila wasa 75. Ranar da City ta sayar da shi ga Burnley a 2018, bayan mai horar da City, Guardiola, ya ajiye shi an yi ta yawon aro da shi zuwa Torino da West Ham, kuɗin bai wuce fam miliyan uku da rabi ba. Kaso goma na wannan bai kai abin da wasa ɗaya da Bulgeriya ya kawo ba. Saboda haka ga mai tsaron gida a ɗaure kuɗin da abin da zai yi a inda ya je: wasansa na farko, na ashirin, na hamsin, ranar da ƙasarsa ta kira shi. Kuma a fayyace wane irin wasa ake nufi.

Na san misalin da za a jefo mini, Aaron Ramsdale. A watan Janairu na 2017 Sheffield United, tana rukuni na uku a lokacin, ta sayar da shi ga Bournemouth yana ɗan shekara 18 a kan abin da bai wuce fam miliyan ɗaya ba. A watan Agusta na 2020 ta dawo ta saye shi a kan miliyan 18 da rabi. In ka tsaya nan, wauta ce tsagwaronta. Amma Ramsdale ɗin da aka biya wa wannan kuɗi ba a Sheffield aka ƙera shi ba. An tura shi aro Chesterfield ya sha ƙwallaye har kulob ɗin ya nutse, aka tura shi AFC Wimbledon ya taimaka suka tsira, sannan ya yi kaka guda cur yana tsare wa Bournemouth raga a Firimiya. Lokacin da ya bar Sheffield wasa biyu kawai ya taɓa buga wa manyansu, duka a kofin FA. Shekara ɗaya bayan sun maido shi kuma suka sayar wa Arsenal a kan miliyan 24, da damar ya kai 30. Abin da ya fi ba ni haushi a labarin ba kuɗin ba ne. Bayan sun sake nasu, sai suka shafe kaka uku suna aron gola, ɗaya daga Chelsea, sannan Dean Henderson daga Manchester United har kaka biyu. Suka raini ɗan wani, suka miƙa wa iyayensa shi a ƙoshe.

Wannan ya kawo ni ga abin da ƙaramin kulob ke da shi wanda babba ba shi da shi, wato wasa. Ɗan baya ko ɗan tsakiya ana iya sako shi minti goma-goma har ya saba. Gola ko ka buga minti casa'in ko ka ɗumama benci. Shi kansa Hart, a shekararsa ta farko a City sai da aka tura shi Tranmere da Blackpool, kuma da City ta sayo wani gola, Shay Given, a farkon 2009 ya koma benci, sai aron da ya je Birmingham ne ya ceto shi. To tunda mai saye zai ba da aronsa ko ta yaya, me zai hana mai sayarwa ya ce a fara da shi? A karɓi kuɗi, yaro ya ƙara kaka ɗaya a gida, mai horarwa ya samu lokacin shirya magaji. Kulob ɗin da bai nemi wannan ba, bai san darajar abin da ke hannunsa ba.

A nan gida matsalar ta fi haka tsanani, don sau da yawa ba ma a kai ga maganar a sayar ko kada a sayar. Kwantiragin kaka ɗaya shi ne ruwan dare, kaka na ƙarewa yaro ya ɗauki jakarsa, dillali ya ja hannunsa. Kuma kada wani ya ce ba mu da gololin da ake nema. A 2022 Katsina United ta faɗa rukuni na biyu tare da Kano Pillars. Golanta, Stanley Nwabali, ya wuce Chippa United ta Afirka ta Kudu a shekarar. Ba a cika shekara biyu ba, a watan Fabrairu na 2024, shi ne ya tare fenareti biyu a Bouaké ya kai Najeriya wasan ƙarshe na kofin nahiyar Afirka. Wanda ya kalle shi a filin Muhammadu Dikko ya kalli golan ƙasa bai sani ba.

Kulob namu ma suna da wani gata da Shrewsbury ba ta samu ba, saboda cinikin Hart cikin ƙasa ɗaya aka yi shi, namu yaran kuwa iyaka suke tsallakawa. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 16 zuwa sama rabin kashi ɗaya ce. Wato in ka riƙe yaro daga 16 ya yi shekara huɗu a hannunka, kana da kashi 2 a duk irin wannan ciniki da za a yi a kansa har ya yi ritaya. Tun ƙarshen 2022 ma FIFA ta buɗe ofishi a Paris da ke karɓar kuɗin ya aika wa masu shi. Amma da rajista ake biya. Yaron da ya yi shekara huɗu yana tsare maka raga ba ka shigar da sunansa a hukumance ba, a idon FIFA bai taɓa taka filinka ba. Na sha zama da masu ƙananan ƙungiyoyi da za su lissafo maka kuɗin takalmi da na magani da suka kashe wa yaro tun yana ƙarami, amma ka ce su nuno takarda ɗaya mai sa hannun mahaifinsa, sai a fara kame-kame.

Akwai lokacin da zan ce a ƙi, ko nawa aka taya. Idan tsakiyar kaka ce, kulob na bakin faɗuwa, kuma na biyunsa bai taɓa buga wasan gasa ba, a jira kaka ta ƙare. Idan yaron bai cika 18 ba kuma wani ya zo da labarin Turai, a sallame shi tun daga ƙofa, don doka ta hana fitar da ƙaramin yaro zuwa wata ƙasa sai a 'yan yanayi ƙalilan, kuma mai gaggawar nan yawanci bai da kulob a hannu, gwaji kawai zai kai shi. Haka nan idan mai saye ya ƙi yarda da kowane sharaɗi na gaba, ya ce ga kuɗi a dunƙule a rufe magana. Wanda ya yi imani yaron zai zama wani abu ba ya jin nauyin alƙawarin biya ranar da ya zama. Wanda ya ƙi kuwa, ko bai yarda da yaron ba, ko ya yarda da shi fiye da yadda yake so ka gane. A irin wannan hali shugaban kulob ya tashi daga teburin, ya kira yaron da mahaifinsa, ya sabunta masa kwantiragi na shekara uku da ƙarin albashi, a rubuta a ciki adadin da in aka kawo za a sake shi ba gardama.