Rabon Fansho Bayan Mutuwar Aure: Darasi Daga Ingila

Idan aure ya mutu, hankalin ma'aurata kan koma kan gida da mota, su manta da fansho, alhali kuwa sau da yawa shi ne dukiya mafi tsoka da ma'aikaci ke tarawa bayan gida. Yadda Ingila ta ɓullo wa wannan al'amari abin dubawa ne ga 'yan kasuwarmu.

Hanyoyi uku kotunan ƙasar ke bi. Ta farko ita ce musaya, inda mace kan riƙe gida, miji ya riƙe fanshonsa. A ido kamar an yi adalci, amma gida ba ya biyan kuɗin cefane a ƙarshen wata, kuma matar da ta bar aiki domin renon 'ya'ya kan wayi gari a shekarun tsufa ba ta da abin shiga.

Ta biyu, wadda aka soma a 1996, ita ce kotu ta umarci a riƙa yankar wa matar wani kaso idan mijin ya yi ritaya. Aibinta shi ne an ɗaure ta da mutumin da suka rabu: sai ya fara karɓa ta samu, kuma biyan na wata-wata yana tsayawa idan ya rasu ko ta sake aure.

Ta uku ta zo ne da dokar 1999, ta fara aiki ranar 1 ga Disamba, 2000. Ana ƙiyasta darajar fanshon, a cire kason da kotu ta yanke, a mayar da shi da sunan matar. Daga nan kowa ya kama gabansa. Tun 2005 tsarin ya haɗa da masu zaman tare bisa rajistar hukuma. Ko shakka babu wannan hanya ce ta fi, domin ta yanke jayayya tun daga tushe.

A Nijeriya, Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ta girmi asusun fansho na ma'aikaci, wanda aka kafa a 2004. Bisa dokar 2014, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kuma kashi 10. Ya kamata Majalisar Tarayya ta fayyace matsayin waɗannan kuɗaɗe idan auren rajista ya mutu.

Auren Musulunci kuwa hukuncinsa dabam ne, domin dukiyar miji tasa ce, ta mata kuma tata. Wannan ma hujja ce ta yin tanadi da wuri. Tun 2019 aka buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar ajiyar fansho. Ɗan kasuwar da matarsa ke taya shi harka ya buɗe mata asusu da sunanta, yana zuba mata rabonta tun ana zaman lafiya, kafin a kai ga tsayawa gaban alƙali.