Uwargida, Kada Ki Kwaɓe Mai Yawan Tambaya

Kin san akwai masu cin abinci da hango inda kasuwa ta dosa? A ƙasar Norway akwai Ståle Økland, marubuci mai yawon ba da lacca, wanda kamfanoni ke gayyata ya haska musu abin da jama'a za su nema gobe.

Dubi ƙasarsa ki ga amfanin aikin. Norway ta yi arziki da man fetur bayan gano rijiyoyin Ekofisk a 1969, amma a 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar can masu lantarki ne. Bakaniken da injin fetur kaɗai ya iya, dole ya koma koyo.

Sana'ar da kike wa ɗanki fata ma tana iya juyawa kafin ya girma. In ya dame ki da "me ya sa?", ki amsa masa, ko ku nemo amsar tare. Lura da tambaya su ne jarin irin su Økland, kuma da sanyin safiya ake kama fara.

Wace tambaya naki ya ƙure ki da ita makon nan? Rubuto mana a ƙasa.