Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

A gidajen kallon ƙwallo na Wuse da Garki da Nyanya, gardama ba ta ƙarewa a kan Victor Osimhen. Wasu sun ce a bar shi a gaba shi kaɗai, wasu sun ce sai an haɗa shi da mai taya shi. Haka aka yi ta musu a 2024, lokacin da Napoli ta ajiye shi a gefe bayan cinikinsa da Chelsea ya wargaje. Masu cewa ya faɗi da ya tafi Galatasaray sun ji kunya, domin ya ci ƙwallo 26 a gasar Turkiyya, har kulob ɗin ya saye shi Yuro miliyan 75 a 2025.

Amma duk wannan ba shi ne abin dubawa ba. A wasanni huɗu na farko na neman zuwa Gasar Kofin Duniya ta 2026, Osimhen yana jinya, Super Eagles ba ta ci ko ɗaya ba. Maki uku kacal ta samu. Da aka cire shi a hutun rabin lokaci a Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Nijeriya da bugun fenariti.

Ƙungiyar da rabonta ya rataya a ƙafar mutum ɗaya tana cikin haɗari. Ya kamata Hukumar Ƙwallon Ƙafa da ke Abuja ta waiwayi gasar cikin gida, inda Ahmed Musa ya fito daga Kano Pillars, ta reni sababbin maciya raga. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.