Maigidanka zai sauya sheƙa, rubutunka yana nan

Bayan an tace takardun masu neman aiki an ware goma ko ashirin, akwai wani binciken da ba a rubuta shi a tallar gurbin ba. Wani a kwamiti zai ɗauko waya ya buga sunanka a Google, daga nan ya leƙa Facebook. Wani ma lambar da ke kan takardarka kawai zai ajiye: WhatsApp ya nuna masa hotonka, Truecaller ya nuna masa sunan da jama'a suka ajiye ka da shi. Ka rubuta Abdullahi a takarda, waya ta ce "Audu Ɗan Damfara". Ba wanda zai kira ka ya nemi ba'asi. Shiru kawai za ka ji, ka koma gida kana cewa rashin uwa a gindin murhu ne.

Abin ya zama ruwan dare. Tun 2019 Amurka ke neman masu son biza su rubuta sunayen shafukan sada zumuntar da suka yi amfani da su cikin shekara biyar. A 2021 mujallar Teen Vogue ta naɗa Alexi McCammond babbar edita, sai aka tono maganganun ɓatanci da ta rubuta a Twitter kan 'yan Asiya a 2011, tana 'yar shekara 17. Ko kujerar ba ta hau ba ta haƙura da muƙamin.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaranmu 'yan midiya, masu karɓar kuɗin data su yini suna ɗura wa abokin hamayyar maigida ashar. Yaro da digirinsa, ya iya rubutu, ya iya haɗa hoto da bidiyo, amma duk basirar ta ƙare a zagin iyayen wani. To ai ɗan siyasa ba ya gaba ta dindindin. Gobe zai sauya sheƙa, ka gan shi a wurin ɗaurin aure yana ƙyaƙyata dariya da wanda ka ci wa mutunci. Su sun shirya, kai kuwa zagin yana nan da sunanka da hotonka da kwanan wata. Wane banki ne zai ba ka amanar kwastomomi? Wace ƙungiyar agaji ce za ta tura ka cikin al'ummar da ka kira da sunan dabbobi?

Ni dai ban yarda adalci ne a hukunta magidanci da wautar da ya yi yana sakandare ba. Sai dai mai ɗaukar aiki ba alƙali ba ne, ga shi da takardu jibge a gabansa, uzurin rage su yake nema.

Goge tsofaffin rubuce-rubuce yana da amfani, amma wanda ya riga ya ɗauki hoton rubutun ya ajiye, ya fi ƙarfinka. Abin da ke hannunka shi ne abin da za a tarar daga yau. Idan ɗinki ka iya, a ga ɗinkin. Idan lissafin kuɗi ka karanta, buɗe LinkedIn da sunan da ke kan takardunka, a ga inda ka yi hidimar ƙasa da abin da ka yi a can. Adireshin imel mai laƙabin samartaka kuma a bar wa abokai.

Kafin ka aika takarda ta gaba, ari wayar wanda ba abokinka ba ne a Facebook, ka nemi sunanka da lambarka, ka karanta abin da ya fito har ƙarshe.