Gidan Kifayen Dubai Ya Cancanci Rabin Wuni

Ɗan kasuwar Kano da ya sauka a Dubai ya san inda zai dosa: Deira, wajen yadi da gwal da wayoyi. Yakan shafe mako yana ciniki, sai a daren ƙarshe ya leƙa kasuwar Dubai Mall da iyalinsa, a tsaya gaban katafaren tankin kifaye, a ɗauki hoto, a wuce. Wannan ziyarar ta yi kaɗan, kuma yara ne aka ƙwara.

An buɗe gidan kifayen a 2008. Tankinsa na cin ruwa lita miliyan 10, bangon da ya tare ruwan kuwa roba ce mai kama da gilashi, kaurinta santimita 75. Kallo daga waje kyauta ne, shi ya sa mutane da yawa ke zaton sun gama gani. Ainihin abin yana ciki: wata hanya mai tsawon mita 48 ta ratsa ƙarƙashin ruwan, kifayen shak na shawagi a kan mai tafiya, yana iya hango haƙoransu. A 2014 aka kawo wani kada daga Ostareliya, tsawonsa ya haura mita 5. Yaron da bai san kifi ba sai banda ko tarwaɗa a tukunya, a nan zai ga yadda halittun teku ke numfashi da cin abinci, darasin da allon aji ba zai iya nuna masa ba.

Sai dai abin na son shiri. Tun 2022 hutun mako a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, ranakun cunkoso ke nan. Safiyar Litinin zuwa Alhamis ta fi sauƙi. Tikiti iri-iri ne, wani har da shiga kwalekwale mai gindin gilashi, don haka gara a duba ta intanet kafin a fito. Mai hawa jirgin ƙasa zai sauka a tashar Burj Khalifa, amma gadar da ta kai cikin kasuwar ta fi mita 800, a tuna da tsofaffi da masu goyo. Akwai wuraren salla a ciki, Azahar ba za ta kuɓuce wa kowa ba.

Alhaji, idan za ka tafi da yaran, ware musu safiya ɗaya tun kana gida.