Ladabin Akwatin Rediyo Idan Ana Karatu

A da, rediyo babban akwati ne mai zama wuri guda, sai an je wurinsa. Da aka fito da ƙarami mai shiga aljihu a Amurka cikin shekarar 1954, sai ya zama abokin tafiya. BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo a 1962. Daga baya tafsirin watan azumi ya riski falke a zango, da mai rumfa a kasuwar Kurmi, da mata cikin gida. Wannan ni'ima ce.

Amma kowace ni'ima da hakkinta. Aya ta 204 ta Suratul A'arafi ta yi umarni da saurare da yin shiru idan ana karanta Alƙur'ani. Ga shi kuwa ana barin akwati yana tilawa a rumfa, ana tayawa, ana rantse-rantse a kan 'yar riba. Wani ma har makewayi yake shiga da shi.

Akwati bai san tsarki ba, mai shi za a tambaya. Wanda ya sami sarari ya saurara, wanda ciniki ya shagaltar ya kashe har ya gama. Malamai su sanar da almajiransu wannan. Allah Ya datar da Musulmi, amin.